Layi Ɗaya Tak: Gwanintar Masu Rubuta Kanun Labarai a Intanet

A kowane ɗakin labarai akwai mutumin da jama'a suka fi karanta rubutunsa, amma ba wanda ya san sunansa. Wakili zai yi kwanaki yana bin diddigin labari, ya rubuto shafi biyu, a sa sunansa a sama. Shi kuwa wannan bawan Allah layi ɗaya tak yake rubutawa, kuma layin nan ne zai yanke hukunci ko za a karanta shafi biyun ko a wuce su. Shi ne mai sa wa labari kai. A wani gidan jaridar edita ne da kansa, a wani mataimakinsa ne, a ƙananan kafafe kuwa wanda ya rubuto labarin shi zai laƙa masa kanu ya wallafa. Ko wane ne shi, idan ya iya aikin, gwanintarsa ta isa a tsaya a duba ta da kyau.

Masu sana'ar talla sun riga 'yan jarida auna nauyin wannan layi. David Ogilvy, ɗan Birtaniyan da ya yi suna wajen tsara tallace-tallace a Amurka, ya bayyana a littafinsa na shekarar 1963 cewa masu karanta kanun talla sun ninka masu karanta cikinta sau biyar. A zamanin takarda ke nan. Da intanet ta zo sai tazarar ta ƙaru. A shekarar 2016 masu bincike daga Jami'ar Columbia ta Amurka da cibiyar Inria ta Faransa sun bi sawun labaran da ake yaɗawa a Twitter, suka gano cewa kashi 59 cikin 100 na adireshin labaran da aka raba ba wanda ya taɓa latsa su. Wato mutum zai ga kanu, ya tura wa wasu, su ma su tura, a yi ta muhawara har rai ya ɓaci, alhali ba wanda ya leƙa cikin labarin. Ga dubban mutane, kanun shi ne labarin gaba ɗayansa.

Me ya sa aikin ya fi wuya a intanet? Tun daga 1939, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya Abubakar Imam yana editanta, har zuwa jaridun da ake shimfiɗawa a bakin titi yau, mai karanta jaridar takarda ya riga ya biya kuɗinsa, jaridar tana hannunsa. Kanu yana zaune ne a cikin danginsa: ga hoto a gefe, ga ƙaramin bayani a ƙasa, ga sakin layi na farko ido yana hango shi. Ko kanun ya ɗan yi duhu, hoton zai haska shi. A waya ba haka abin yake ba. Kanu yana fita yawo shi kaɗai. Zai bayyana a Facebook tsakanin hoton biki da tallar atamfa, ya faɗo a saman waya a matsayin sanarwa, ya shiga zauren WhatsApp na dangi, ya fito a jerin amsoshin Google. A duk waɗannan wurare ba shi da mai tsaya masa. Mai karatu kuma yatsansa yana kan gilashi, datarsa tana tafiya, bai ba kanun fiye da ƙiftawa da bismilla ba.

Cikin waɗanda suka ƙware a wannan fage, editocin shafin labarai na BBC na Turanci sun daɗe suna shan yabo, kuma abin sha'awa shi ne takura ce ta koya musu. A 1974 BBC ta ƙaddamar da wani tsari mai suna Ceefax, wanda ke nuna rubutattun labarai a fuskar talabijin. Layinsa gajere ne, don haka da aka buɗe shafin intanet ana amfani da kanu ɗaya a wuraren biyu, sai ya zama dole kowane kanu ya tsaya tsakanin haruffa 31 zuwa 33, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ba ƙari, ba ragi. Yaƙi ne, zaɓe ne, girgizar ƙasa ce, duk a cikin wannan ɗan sarari za a zuba shi. A shekarar 2009 Jakob Nielsen, masanin da ya shahara wajen nazarin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya ce kanun BBC su ne mafi kyau a duniya. Da ya auna su ya tarar yawanci kalma biyar ne. Abin da ya burge shi bai tsaya ga gajarta ba: kowane kanu yana ɗauke da bayani, muhimmiyar kalma tana gaba, ana fahimtarsa ko an cire shi daga shafin, kuma mai karatu ya san abin da zai tarar tun kafin ya latsa. An rufe Ceefax a 2012, amma horon da ya yi wa editocin bai tafi da shi ba.

Don a ga yadda gwani yake aiki, bari mu ƙaddara wani labari. A ce ruwan sama ya yi ɓarna a wata ƙaramar hukuma, gada ta karye, ƙauyuka bakwai ba su da hanyar zuwa kasuwa ko asibiti. Kwamishina ya je ya gani, ya yi jawabi, wakili ya rubuto. Kamar yadda aka saba, rahoton ya buɗe da isowar kwamishina da muƙarrabansa, da wanda ya tarbe shi, da godiyar da hakimi ya yi. Maganar gadar sai a sakin layi na huɗu. Ɗan koyo zai ɗauki layin farko ya rage masa tsawo: "Kwamishina ya kai ziyarar gani da ido". Ba ƙarya a ciki, amma ba labari a ciki. Kwamishinoni kullum cikin ziyara suke. Gwani kuwa zai karanta rahoton har ƙarshe, ya tambayi kansa: me ya faru yau wanda bai faru jiya ba, kuma wa abin ya shafa? Sai ya rubuta: "Ambaliya ta karya gadar ƙauyuka 7". Haruffa 33 cif. Ga musabbabi, ga abin da ya auku, ga yawan waɗanda abin ya taɓa. Idan akwai sarari ya ƙara sunan garin, domin wanda ke da 'yan'uwa a can ya san maganar gida ake yi. Sau da yawa ma daga nan zai mayar wa wakili da rahoton ya ce a ɗauko sakin layi na huɗu a kawo shi gaba. Nan ne asirin sana'ar yake: wanda bai fahimci labari ba, ba zai iya sa masa kai ba. Idan kanu ya ƙi fitowa, galibi labarin ne bai san inda ya dosa ba.

Bayan gano zuciyar labari sai jera kalmomi. A 2006 Nielsen da abokan aikinsa sun yi amfani da na'urar bin motsin ido suka ga yadda mutane ke karatu a kwamfuta: ido yana bin layin farko, ya ɗan bi na biyu, daga nan sai ya gangara ta gefen hagu yana tsintar kalmomin farko kawai. Shi ya sa gwani ba ya ɓata farkon layi da "A wani sabon al'amari" ko "Rahotanni na nuna cewa". Kalmar da ta fi nauyi ita ke shiga gaba, domin ko manhaja ta datse wutsiyar kanun, abin da ya rage zai iya tsayawa da ƙafarsa. Yana kuma zaɓen aikatau mai ƙarfi. "Ya yi tsokaci a kan" ba ta gaya wa kowa komai. Yarda ya yi, ko musantawa, ko gargaɗi, ko neman afuwa? Inda adadi yake da muhimmanci sai ya sa shi, saboda "mutane da dama" na iya zama biyar, na iya zama ɗari biyar. Sunan da jama'a suka sani yana saka shi kai tsaye, wanda ba a sani ba kuwa sai ya ambaci matsayinsa, malamin makaranta ko direban tanka, don matsayin ne ke da ma'ana ga mai karatu.

Mai rubuta kanu da Hausa yana da nasa kayan aikin da nasa tarkunan. Kafafe irin su BBC Hausa da Aminiya da sashen Hausa na DW da RFI da Muryar Amurka sun saba wa masu karatu da wasu salailai. Akwai "an", wadda ke ba da damar faɗin abin da ya faru tun kafin a san wanda ya aikata: an rufe, an kama, an ɗage. Kalma ce mai amfani, amma gwani ba ya fakewa a bayanta idan an san mai aikin, domin "an rushe shaguna" da "hukuma ta rushe shaguna" ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai salon kawo magana a ɗora ɗan layi a sa sunan mai ita a ƙarshe. Yana da kyau, sai dai yana da sharaɗi: dole ya zama abin da mutumin ya faɗa ne, ba abin da edita yake ganin ya kamata ya faɗa ba. Akwai kuma harshen damo. "'Yan sanda sun kama ɓarayi da bindigogi": ɓarayin ne ke ɗauke da bindigogin, ko da bindigogi aka kama su, ko kuwa an kama ɓarayi an kuma kama bindigogi a wani wuri? A cikin labari jimla ta gaba za ta warware, amma kanu ba shi da jimla ta gaba. Gwani zai sa "ɗauke da", magana ta fita fes. Sannan akwai kalmar da ba ya taɓa jefarwa komai ƙuncin sarari, wato "zargi". Wanda kotu ba ta samu da laifi ba, wanda ake zargi ne. Kalma ɗaya ce, amma tana tsare mutuncin bawan Allah, tana kuma tsare gidan jarida daga ƙarar ɓata suna.

Ban da ɗan'adam, akwai mai karatu na biyu da dole a yi la'akari da shi, wato injin bincike. Tun a 2006 jaridar New York Times ta buga wani sharhi na Steve Lohr a kan yadda editoci suka fara barin kanun wasa da kalmomi suna komawa ga masu faɗin abu kai tsaye, saboda Google ba ya gane habaici. Mai neman farashin man fetur ko sakamakon jarabawar WAEC waɗannan kalmomin zai rubuta, kuma labarin da kanunsa ya ƙunshe su shi zai fito masa. Google yana nuna haruffa wajen 60 ne kafin ya datse sauran. BBC kanta a ƙarshen 2009 ta fara yi wa kowane labari kanu biyu: gajeren nan na shafin farko, da wani mai tsawo har haruffa 55 a kan labarin kansa, don masu bincike su same shi. Yau a manyan gidajen jarida labari ɗaya yana iya samun kanu uku ko huɗu, na shafin farko daban, na Google daban, na shafukan sada zumunta daban, na sanarwar waya daban. Gwaninta ita ce dukkansu su faɗi gaskiya ɗaya.

Akwai wata makaranta ta daban da ta girgiza wannan sana'a, kuma ba a cika labarin kanun intanet sai da ita. A 2012 Eli Pariser da Peter Koechley suka kafa shafin Upworthy a Amurka. Koechley ya fito ne daga The Onion, jaridar barkwanci, kuma ya zo da wata al'ada: kowane labari sai an rubuta masa kanu 25 kafin a zaɓa. Hikimar ita ce na farko-farkon su ne waɗanda kowa zai rubuta. Sai an gaji, an ƙure tunani, sannan wanda ba a zata ba yake fitowa. Daga nan sai su gwada kanu daban-daban a kan rukunonin masu karatu, wanda ya fi samun latsawa shi za a bari. Sun kuma dogara da abin da George Loewenstein na Jami'ar Carnegie Mellon ya bayyana a 1994, cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya lura akwai giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake son sani. Sai suka riƙa buɗe giɓin da gangan: a faɗi rabin magana a riƙe rabi. Abin ya karɓu ƙwarai. A watan Nuwamba na 2013 masu ziyartar shafin sun haura miliyan 80.

Da kowa ya kwaikwaye su sai salon ya lalace. Intanet ta cika da kanun tarko, irin su "Ba za ka yarda da abin da ya faru ba" da "Abin da matar nan ta yi zai ba ka mamaki". Mu ma a Hausa ba mu tsira ba. "Tirƙashi" da "Innalillahi" da "Da ɗumi-ɗumi" sun zama kayan ado da ake liƙa wa labarin da ya kwana uku. Wannan daidai yake da ɗan kasuwar da ke zuba tsabar hatsi a bakin buhu, ƙasa kuwa tsakuwa da ƙaiƙayi: zai yi ciniki yau, amma mai saye ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa maƙwabcinsa. A watan Agusta na 2014 Facebook ya sanar da cewa zai rage yaɗa irin waɗannan labarai, yana mai lura da yadda mutum ke latsawa ya dawo nan take. Ya ce a binciken da ya yi, kashi 80 cikin 100 na lokuta mutane sun fi son kanun da ke taimaka musu su yanke shawarar karantawa ko bari. A 2016 ya ƙara matsawa, ya ware laifi biyu: ɓoye bayanin da ake bukata don a gane labarin, da zuzuta abu fiye da yadda yake. Koechley da kansa ya nemi afuwa a wani taron kafafen yaɗa labarai a Landan a 2015 kan abin da salon nasu ya haifar. Duk da haka al'adar kanu 25 ba ta mutu ba, domin ita ba ta da laifi. Horo ce mai kyau ga duk mai son ya wuce tunaninsa na farko.

Upworthy ta bar wani gado mai daraja. Gwaje-gwajen da ta yi tsakanin 2013 da 2015, sama da 32,000, an buɗe su ga masu bincike. Wani nazari da aka buga a mujallar Nature Human Behaviour a 2023 ya duba kanu kusan 105,000 daga ciki, ya gano cewa a kanu mai matsakaicin tsawo, kowace kalma marar daɗi da aka ƙara tana ɗaga yawan latsawa da kimanin kashi 2.3 cikin 100, kalmomin farin ciki kuwa rage shi suke yi. A nan ne ake bambance gwani da mai neman kasuwa kawai. Dukkansu sun san wannan lissafi, dukkansu suna kallon allon da ke nuna yawan masu karatu minti bayan minti. Ɗaya zai mayar da saɓanin ra'ayi "rikici", ya mayar da rikici "yaƙi". Ɗayan zai auna zafin kalma da zafin abin da ya faru, ya tsaya daidai nan. A ƙasar da kanu ɗaya game da addini ko ƙabila zai iya sa a rufe kasuwa kafin la'asar, wannan awon ya wuce maganar salo.

Wani zai ce ai cikakken bayani yana ciki, wanda ya karanta zai gane. Binciken da Ullrich Ecker da abokan aikinsa suka yi a Ostireliya a 2014 ya nuna ba haka ba ne. Sun ba mutane labari iri ɗaya da kanu daban-daban, suka tarar cewa kanun da ya ɗan karkata yana shafar abin da mai karatu zai tuna da hukuncin da zai yanke, ko da ya karanta labarin har ƙarshe. Abin da ya fara shiga kai shi ke zama. Haka ma gaggawa. Har yau ana koya wa ɗaliban aikin jarida abin da ya sami Chicago Daily Tribune ranar 3 ga Nuwamba 1948, lokacin da ta buga a shafin farko cewa Thomas Dewey ya kayar da Harry Truman a zaɓen shugaban Amurka tun ba a gama ƙirga ƙuri'a ba. Truman ne ya ci, ya ɗaga jaridar sama yana dariya aka ɗauke shi hoto. A intanet ana iya gyara kanu cikin minti ɗaya, amma kafin nan an riga an ɗauki hoton fuskar waya an watsa, kuma gyara ba ya gudu kamar kuskure. Shi ya sa gwani yake kaffa-kaffa da kanun tambaya. Ɗan jaridar Birtaniya Ian Betteridge ya yi wata magana a 2009 da ta zama kamar doka a tsakanin editoci, cewa duk kanun da ya ƙare da alamar tambaya ana iya amsa shi da a'a. Zolaya ce, amma da gaskiya a ciki: sau da yawa tambaya hanya ce ta jefa zargin da ba a da hujjarsa.

Ba a haihuwar kowa da wannan iyawa, yau da gobe ce ke kawo ta. Waɗanda suka goge suna da 'yan ɗabi'u da suka yi tarayya a kai. Suna karanta labari duka kafin su rubuta harafi ɗaya. Suna faɗin labarin da baki, kamar za su gaya wa wanda ya tsayar da su a ƙofa yana sauri, domin jimlar da baki ya fitar ta fi wadda alƙalami ya ƙaƙalo sauƙi. Suna rubuta kanu da yawa su zubar da mafi yawansu. Suna cire kalma ɗaya-ɗaya su ga ko ma'ana ta ragu; idan ba ta ragu ba, kalmar ba ta da aiki. Suna miƙa wa abokin aiki da bai ga labarin ba, su tambaye shi me ya fahimta. A ƙarshe su yi wa kansu tambaya mafi tsauri: idan mutum bai karanta komai ba sai wannan layin, ya tafi ya ba da labari a majalisa, abin da zai faɗa gaskiya ne?

Wannan tambayar ita ce ma'aunin sana'ar. Kowane kanu alkawari ne, kuma alkawari kaya ne. Kafar da ke cika shi sau ɗari a mako tana tara abin da talla ba ta saye: mai karatu ya ga sunanta a gefen kanu ya yarda tun bai latsa ba. Wadda ke saɓa shi za ta ga adadi ya hau na wata uku, daga nan jama'a su koyi wuce ta. Matashin da ya buɗe shafin labarai a waya yau yana gogayya da gidajen jaridar da suka fi shi kuɗi da ma'aikata, kuma ba zai iya tura wakili kowace jiha ba. Amma rubuta layi ɗaya mai tsabta, mai bayani, mai gaskiya, ba ya bukatar jari. Abin da yake bukata shi ne a fahimci labari, a girmama mai karatu, a kuma yi haƙurin sake rubutawa har sai ya zauna daidai.